Takardar gwajin Baba ta fito da jan rubutu: ƙoda ce ko zuciya?

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 61, tsohon malamin makaranta ne. Ya yi shekara goma sha biyar da hawan jini, kusan goma da ciwon suga. Bara aka ce mana ƙodarsa ta taɓu, amma ba a kai ga wanki ba. Wata biyu ke nan ƙafafunsa suna kumbura, kuma yana haki in ya taka zuwa masallaci. Yayanmu da ke aiki a Abuja ya turo kuɗi aka yi masa gwajin jini a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa. Takardar ta fito da jan rubutu: Troponin T 38, alhali sun ce bai kamata ya wuce 14 ba, NT-proBNP 1,100, eGFR 33, PCV 31, fotashiyam 5.1. Yaya ya duba a waya ya ce bugun zuciya ne, har yana maganar a sayar da gonar Baba a fita da shi Masar. Na kai wa likitan da ke duba shi, ya kalla ya ce masu ciwon ƙoda haka nasu yake, kada mu damu. Masu gwajin kuma sun ce a ƙara wasu guda huɗu, irin su Homocysteine da hs-CRP, kuɗinsu ya kai na maganinsa na wata uku. Baba bai san komai ba, mun ɓoye masa. Ni ce nake gida da shi, ba na iya barci. Wa zan gaskata?

Ƙanwarki daga Katsina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma Allah ya biya ki wannan ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kumburin ƙafar nan da hakin hanyar masallaci. Ki riƙe su a zuciya, domin da su za mu karanta takardar.

Yaya da likita kowa ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya. Likita bai yi ƙarya ba da ya ce masu ciwon ƙoda sukan fito da waɗannan lambobi sama da na sauran mutane. Maganarsa ce ta yi gajarta, musamman ga mai kumburi da haki. Yaya kuma ya yi daidai da hankalinsa ya tafi kan zuciya, sai dai awon jini guda ɗaya ba ya isa a ce mutum ya samu bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke shayar da ita jini.

Mu fara da wanda ya fi tayar muku da hankali, turofonin. Wani furotin ne da ke zaune cikin tsokar zuciya, yana cikin abubuwan da ke sa ta matse ta saki. In tsokar ta ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini. Iyakar 14 da kika gani an samo ta ne daga auna mutane masu lafiya ƙalau, inda aka ga casa'in da tara cikin ɗari ba sa wuce nan. Baba ba ya cikin wannan sahu. Da yawa daga masu ƙoda irin tasa nasu yana sama da 14 yau da gobe da jibi, waɗanda suka kai ga wanki kuwa mafi yawansu haka suke kullum. Shi ya sa in an kawo mai ciwon ƙoda asibiti ana zargin bugun zuciya, ba ma tsayawa kan awon farko. Mukan sake ɗibar jini bayan awa ɗaya zuwa uku mu ga ko ya motsa. In ya tashi daga 38 ya doshi ɗari biyu ko ɗari biyar, ga ciwon ƙirji, ga canji a gwajin ECG mai zana yadda wutar zuciya ke aiki, wannan bugun zuciya ne. In kuwa yau 38 ne, anjima 40, wani mako 37, to wani labarin ne daban.

Kin san rufin soro da damina. Akwai ɗakin da ke ɗiga kaɗan-kaɗan, a tara kwano a ƙasa a kwana. Akwai kuma daren da azara za ta karye rufin ya zubo gaba ɗaya. Abin da Yaya ke tsoro shi ne zubowar rufi, abin da takardar ta fi kama da shi kuwa yoyo ne. Amma mai gidan da ya san abin da yake yi ba ya ganin yoyo ya ce ba komai, don ya san ruwan yana cin azara a hankali. Da can an ɗauka cewa ƙoda ce kawai ta kasa fitar da turofonin shi ya sa yake taruwa. Akwai wannan, amma an gane cewa kaso mai yawa daga zuciyar kanta yake fitowa. Shekaru na hawan jini suna sa bangonta ya yi kauri, ruwan da ya taru a jiki yana ƙara mata kaya, ƙarancin jini yana sa ta gudu fiye da ƙima, suga kuma yana cin ƙananan jijiyoyinta. An bi masu ciwon ƙoda shekara da shekaru, aka ga waɗanda turofonin nasu ke zaune a sama sun fi sauran kamuwa da gazawar zuciya, sun kuma fi su mutuwa ta wannan hanya. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka ki adana takardar nan, ki ɗauki hotonta a waya. Ranar da, Allah ya kiyaye, aka kai Baba asibiti da dare, likitan da ya san cewa nasa na yau da kullum 38 ne zai fi saurin gane ko sabon abu ya faru. Ki lura kuma akwai turofonin iri biyu, T da I, kuma ba a gwada lambar wannan da ta wancan. In za a sake, a nemi irin na farko, in da hali a wuri ɗaya.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda sukan samu bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da kowa ya sani ba. Wani haki kawai zai ji, wani kasala da zufa, wani ya ɗauka gyambon ciki ne ya tashi. Daga wasiƙa ba zan iya ce miki bai taɓa faruwa ga Baba ba. ECG ne zai fara amsa wannan, gwaji ne na mintuna kaɗan. A yi shi cikin wannan makon.

Na biyun, NT-proBNP, zuciya ce ke sakinsa in bangonta ya miƙe saboda nauyin jini da ruwa. Ƙoda na cikin masu fitar da shi, don haka in ta yi rauni yakan taru, tsufa ma yana ɗaga shi. Ga wanda ya zo asibiti da ƙafarsa, in bai kai 125 ba mukan ce da wuya hakinsa ya zama na gazawar zuciya. In ya hau kuwa, ba ya faɗin dalili da kansa. Da Baba ba ya kumburi, ba ya haki, da sai in ce wani kaso na 1,100 ɗin nan aikin ƙoda ne, a sa ido kawai. Amma ga alamu a jiki, ga lamba a takarda, sun haɗu. A ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi, wanda ake zargin gazawar zuciya kuma nasa ya faɗa tsakanin 400 da 2,000, ana so a yi masa hoton zuciya cikin mako shida, in ya haura 2,000 cikin mako biyu. Hoton nan shi muke kira eko. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, ana ɗora ta a ƙirji, ba allura ba yanka. Shi zai nuna kaurin bangon zuciya da ƙarfin matsawarta, da ko ƙofofinta suna rufewa daidai. In kuɗin Yaya zai tafi wani wuri, nan ya kamata ya fara zuwa.

Kafin nan akwai awon da ke hannunki, ba ya cin ko sisi. Ki danna babban yatsanki a ƙwaurin Baba, sama kaɗan da idon sawu, ki ƙirga goma ki ɗaga. In ya bar rami, ruwa ne. Ki lura har ina ramin ke kaiwa, idon sawu ne ko ya hau gwiwa. Ki duba filo nawa yake tarawa kafin ya iya barci. Na taɓa duba wani dattijo da ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, sai matarsa ta ce ai wata guda ke nan a kujera yake kwana, shi kuma ya ce zafi ne ya hana shi gado. Ruwa ne ya cika masa huhu, in ya kwanta sai ya ji kamar ana danne shi. In Baba yana farkawa tsakar dare yana neman iska, ko yana tari in ya miƙe a shimfiɗa, ki gaya wa likita da waɗannan kalmomin. Ki kuma samo sikeli, ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya kama ruwa, kafin karin kumallo, ki rubuta a littafi. Ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma ya isa dalilin komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.

Yanzu ga lambar da ba wanda ya tsorata da ita a gidanku, alhali ita ce uwar sauran: eGFR 33. Kiyasi ne na yawan jinin da ƙoda ke tacewa, ana lissafa shi daga sinadarin kiriyatinin da shekarun mutum. Daga 60 zuwa sama ba a cika damuwa ba in fitsari lafiya yake, 30 zuwa 44 shi ne ƙarshen mataki na uku inda Baba yake, ƙasa da 15 kuma shi ne na biyar, inda ake fara shirin wanki. Iyalai da yawa da zarar an ce ƙoda, sai hankalinsu ya tafi kan wanki da tsadarsa, kuma ban ga laifinsu ba, duk wanda ya ga yadda wankin ƙoda ke cinye dukiyar gida dole ya ji tsoro. Amma abin da aka daɗe da tabbatarwa shi ne, masu mataki na uku sun fi fuskantar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki fiye da haɗarin kaiwa ga wanki. Raunin ƙoda shi kansa alama ce ta haɗarin zuciya, ko da ba a auna turofonin ba.

Abokin wannan lamba ba ya cikin takardarki, kuma rashinsa ya fi ba ni mamaki a kan duk abin da ke ciki. Gwajin fitsari ne da ake kira ACR, mai auna furotin ɗin albumin da ke zurarewa ta matatar ƙoda. Ƙasa da 30 lafiya, 30 zuwa 300 an fara zuba, sama da 300 zubar ta yi yawa, in an auna da miligiram. Matatar ƙoda ƙananan jijiyoyin jini ne cunkus, don haka in suna yoyo, alama ce cewa jijiyoyin sauran jiki ma suna shan wahala, har da na zuciya da ƙwaƙwalwa. Mutum biyu masu eGFR ɗaya, wanda ke zubar da albumin ya fi ɗayan haɗari nesa ba kusa ba. Kuma wannan lamba tana sauka in an ba da maganin da ya dace. Haka nan ba ki rubuto mini awon hawan jininsa ba. Ki sayi na'urar awo irin ta damtse, ya zauna ya huta minti biyar, ki auna safe da yamma na mako guda ki kai wa likita. Yawancin likitoci suna so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, kuma ƙungiyar KDIGO, mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda a duniya, ta ba da shawara a 2021 cewa na saman ya sauka ƙasa da 120 in jiki ya ɗauka.

Fotashiyam 5.1 ya ɗan gota iyaka kaɗan, kuma wani lokaci jinin da ya daɗe a kwalba kafin a auna yakan nuna sama da gaskiya, don haka a maimaita. Muhimmancinsa shi ne wutar da ke sa zuciya harbawa da shi take aiki, in ya kai 6 ko ya wuce yana iya rikita ta farat ɗaya, ba tare da mutum ya ji wata alama ba. Ba na so ki hana Baba duk kayan marmari saboda 5.1. A dai rage yawan ayaba da dabino da ruwan lemo a zama ɗaya, a tafasa ganye da dankali a zubar da ruwan farko. Ruwan toka a bar shi, haka gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini, domin da fotashiyam aka maye gurbin wani sashe nasa.

PCV 31 ƙarancin jini ne, kuma yana iya ƙara masa haki. Ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, in ta raunana sai jinin ya ja baya. A fara duba ko sinadarin ƙarfe ne ya yi masa ƙaranci, don shi ne mafi sauƙin gyara. Akwai allurar ƙarin jini ta masu ƙoda, amma ko a nan an koyi darasi mai ɗaci: a wani babban bincike da aka fitar a 2009 kan masu suga da ciwon ƙoda kusan dubu huɗu, waɗanda aka tura jininsu da allura ya kusa na mai lafiya sun samu shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyu. Tun daga nan ake tsayawa a tsakiya. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa mayar da jan rubutu ya koma baƙi ba kullum yake nufin an taimaki mara lafiya ba.

Wannan ne ya kawo mu kan gwaje-gwajen da aka ce ku ƙara. Tambayar da nake so ki riƙa yi wa duk mai ba ku shawarar gwaji ita ce: in ya fito sama, me za a canza a maganin Baba? Homosistin, wani sinadari da ke cikin jini, yana hawa a kusan duk mai ciwon ƙoda, kuma gaskiya ne masu yawansa sun fi samun ciwon zuciya. Sai aka gwada saukar da shi da folik asid da bitamin B. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2007 kan masu ciwon ƙoda mai tsanani sama da dubu biyu, lambar ta sauka, amma mace-mace ba su ragu ba. Shi kuma CRP alama ce ta cewa jiki yana faɗa da wani abu, kuma a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ko ciwon haƙori ko ƙurji ya isa ya ɗaga shi. Ko ya hau ko ya sauka, mun riga mun san Baba yana sahun masu babban haɗari, kuma abin da za a yi masa ɗaya ne. Ku bar kuɗin nan a aljihu. Abin da ya cancanci a auna sau ɗaya ko biyu a shekara shi ne fosfet da kalsiyam, wani lokaci da sinadarin PTH mai daidaita su a jiki. In ƙoda ta kasa fitar da fosfet, yakan haɗu da kalsiyam su kwanta a bangon jijiyoyi har su yi tauri kamar bututun da ya yi tsatsa. Lemon kwalba mai baƙin ruwa da abincin gwangwani suna ɗauke da fosfet irin wanda hanji ke tsotsewa kusan duka, na cikin wake kuwa kaɗan jiki ke ɗauka.

Kitsen jini, wato kolestarol, shi ma yana da tasa dabarar a masu ƙoda. Yana iya fitowa daidai a takarda alhali haɗarin yana nan. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken SHARP da Jami'ar Okusfod ta jagoranta kan masu ciwon ƙoda sama da dubu tara, aka ga haɗin simvastatin da ezetimibe ya rage toshewar jijiyoyi da kashi 17 cikin ɗari. Amma da aka fara ba da irin wannan magani ga waɗanda suka riga suka shiga wanki, kamar yadda aka gwada a Jamus aka fitar a 2005, ba a ga amfanin a zo a gani ba. Saboda haka tun 2013 ƙa'idar KDIGO ta ce mai ciwon ƙoda da ya kai shekara 50 kuma bai fara wanki ba, a ba shi maganin rage kitsen jini ba tare da jiran lambar ta hau ba. Lokacin Baba ke nan, yanzu.

In kun koma wurin likita, ki tafi da duk magungunansa a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, ki zube su a kan tebur. Ki tambaya ko yana kan irin su lisinopril ko losartan, masu sauke hawan jini su kuma rage zubar albumin. Sukan ɗan ɗaga fotashiyam da kiriyatinin, shi ya sa ake sake awo mako biyu zuwa huɗu bayan farawa ko ƙara yawansu. Ki tambaya game da dapagliflozin ko empagliflozin. Asalinsu maganin suga ne, sai aka gano suna kare ƙoda da zuciya. A binciken DAPA-CKD na 2020, dapagliflozin ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da mutuwa ta hanyar zuciya, in an haɗa su, da kashi 29 cikin ɗari. Suna da ɗan tsada, amma kuɗin gwajin da ba zai canza komai ba ya fi amfani a nan. Ana dakatar da su in mutum yana amai ko gudawa. In yana shan metformin, a matakinsa ana rage yawansa, a daina in eGFR ya sauka ƙasa da 30. Glibenclamide kuma yakan daɗe a jikin mai ciwon ƙoda ya kayar da suga ƙasa warwas. Duk wannan tambaya za ki yi, kada ki ƙara ko ki cire ƙwaya ɗaya da kanki, har da asfirin da mutane ke saya wai don tsinka jini. Batun azumi ma a tattauna shi da likita tun kafin watan ya kama.

Abu guda da za ki iya cirewa yau ba tare da izinin kowa ba shi ne maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da haɗin gajiyar nan da masu kemis ke ƙullawa a leda. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna riƙe ruwa da gishiri, suna ɗaga hawan jini. Dattijo mai ciwon gwiwa yakan aika yaro ya sayo ba tare da ya ɗauke shi a matsayin magani ba, don haka ki duba aljihun rigarsa da ƙarƙashin filo. Farasitamol ya fi masa aminci. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da masu zuwa dubiya za su riƙa kawowa da kyakkyawar niyya, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye, domin duk abin da ya shiga cikinsa ƙodar nan mai rauni ce za ta tace shi.

Sai madafa, inda nake ganin rabin maganin Baba yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ya riga ya shiga abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa mukan jefa huɗu ko biyar a tukunya sannan mu ƙara gishiri, a kawo yaji a gefe shi ma da nasa. Ki ƙirga na tukunyarku yau ki gani. Kilishi da tsire da garin ɗanɗanon taliyar leda duk haka suke. Kanwa ma, duk da sunan fotash da wasu ke kiranta da shi, yawancinta sinadarin sodiyam ne irin na gishiri. Likitocin Zariya sun rubuta tun shekarun 1970 yadda kunun kanwa da zafin wankan jego ke da hannu a gazawar zuciyar masu jego. Abin da ya iya nauyaya wa zuciyar matashiyar mace, ina ga ta ɗan shekara 61 mai ciwon ƙoda. Ki rage a hankali cikin mako biyu ko uku, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, kuma in da hali gidan duka su ci tukunya ɗaya. Dattijon da aka ware wa kwanon miya lami yana kallon na kowa, ba ya daɗewa bai aika an sayo masa tsire ba.

Game da gona, ki ce wa Yaya ya dakata. Ki yi masa magana da taushi, don wanda ke nesa tsoronsa ya fi yawa, kuɗi ne kawai hannun da yake da shi da zai taɓa mahaifinsa. Abin da Baba ke bukata a yanzu, ECG da eko da gwajin fitsari da ganin likitan ƙoda da na zuciya, ana samunsa a gida. Ku fara tambaya a manyan asibitocin Katsina, in ba a dace ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da waɗannan sassa. Ciwon nan na shekaru ne, yana son magani kowane wata ba yankewa. Na ga iyalan da suka sayar da kadara suka yi tafiya ɗaya, suka dawo da takardar magungunan da ake samu a nan, sannan kuɗin saye ya gagara. In Yaya yana son ɗaukar nauyi, ya ɗauki na maganin wata-wata da gwajin bayan wata uku. In eko ya nuna abin da ya fi ƙarfin nan, likitocin za su faɗa, a lokacin sai a zauna a yi shawara, da mai gonar a wurin.

Ɓoye masa da kuka yi, na san ƙauna ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke tsayawa ya huta a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana takawa ya riga ya san wani abu ya canza, wataƙila shi ma ɓoye muku yake yi don kada hankalinku ya tashi. Kuma shi ne zai haɗiyi maganin, shi zai haƙura da kilishi, shi zai faɗa in ƙirjinsa ya yi nauyi cikin dare. Malami ne, ya saba da a yi masa bayani ya gane. Ki sami lokacin da ya natsu, bayan la'asar misali, ki sa Yaya a waya, ki ce: Baba, gwajin ya nuna ciwon ƙodar nan yana ba zuciya aiki, likita yana so a ɗauki hotonta a gyara magani, kuma akwai abubuwan da za mu canza a abinci. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta da abin firgita.

Ku kuma yi yarjejeniya da shi da duk mutanen gidan kan abin da ba a jira gari ya waye a kansa: nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, haki yana zaune ko ya kasa kwanciya, zufa mai sanyi, suma, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko harɗewar magana, ko fitsari ya ɗauke. Ki tanadi lambar mai motar da za a kira, ki ajiye takardun gwaji da ledar magani wuri ɗaya kusa da ƙofa. Ke ma ki nemi wanda zai riƙa karɓar ki kwana ɗaya ko biyu a mako ki yi barci, jinyar nan doguwa ce. In an yi ECG da eko da ACR, ki rubuto mini abin da suka nuna tare da awon hawan jininsa na mako guda, mu duba tare. Ki gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi.